Adon Haƙori: Daga Cin Fure Zuwa Rufin Tangaran

Bahaushe bai ɗauki haƙori abin tauna kawai ba, ya ɗauke shi wani ɓangare na kwalliya. Shi ya sa ake yabon mai wushirya, ake kuma tsokanar mai giɓi. A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, matan da sukan goga furen taba a haƙoransu, su bi shi da goro, har haƙoran su rine su yi ja. A wancan zamani wannan shi ne ado, ba ƙazanta ba. Daga baya sai haƙorin Makka ya shigo, wato kwanson zinariya ko azurfa da alhazai kan sa a lulluɓe musu haƙori ɗaya da shi, ya zama ado kuma shaidar an sauke farali. Yau ido ya juya, fari tas ake nema, kuma a nan ne rufin tangaran, wanda Turawa ke kira biniya, ya samu shiga.

Shi wannan rufi wani ɗan siririn ɓawo ne, kaurinsa bai fi kimanin rabin milimita ba, da ake mannawa a fuskar haƙoran gaba don a ɓoye tabo, ko ɓantarewa, ko rashin daidaito. Wani likitan haƙori na Kalifoniya ta Amurka mai suna Charles Pincus ya ƙirƙiro shi a 1928 domin 'yan wasan fim. Nasa ba ya daɗewa, ana gama ɗaukar hoto a cire. Sai a 1955 Michael Buonocore ya gano cewa idan aka shafa wa haƙori ruwan asid mai sauƙi, fuskarsa takan yi kaushi yadda gam zai kama ta sosai. A kan wannan aka gina aikin da ake yi yanzu, tun farkon shekarun 1980.

Iri biyu ne. Akwai na tangaran, wanda sai an auna baki an kai ɗakin ƙira, yakan kai shekara 10 zuwa 15, kuma goro da shayi ba su cika rina shi ba. Akwai kuma na wani haɗin roba da likita ke ɗorawa nan take, ya fi arha, amma ya fi saurin dafewa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kafin a manna tangaran, galibi sai an kankare wani abu daga farin ɓawon haƙorin na asali, shi kuwa wannan ɓawo ba ya tsirowa kamar farce ko gashi. Wanda aka kankare wa haƙori ya shiga ke nan: duk ranar da rufin ya tsage ko ya faɗi, dole a sake wani, in ba haka ba ruwan randa ma sai ya gagare shi sha. Haƙorin da ke ƙarƙashi kuma yana iya ruɓewa ta gefe idan ba a tsabtace shi. Mai ciwon dasashi da mai cizon haƙora cikin barci ba su dace da shi ba sai an yi maganin larurarsu tukuna.

A ganina, yawancin masu sha'awarsa a wajenmu ba su bukatarsa. Dafewar goro da taba a sama take, wankin likita da riƙon asawaki sukan rage ta. Tabon da ke cikin jikin haƙori shi ne daban, irin wanda yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha ke haddasa wa yara tun haƙoran ba su fito ba, kamar yadda aka sani a ƙasar Langtang ta Jihar Filato. Wannan goga ba ta fitar da shi, nan rufi yake da hujja. Wushirya kuwa, da Bature ke biyan kuɗi a toshe masa, mu nan abin so ce. Mutumin Gwaram ko Birnin Kudu da ke da niyya, ya fara kai bakinsa gaban likitan haƙori mai lasisi, ko da zai kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya tambaya ko haƙoran nasa sai an kankare.