HARJIT SAJJAN: DAGA BARIKIN SOJA ZUWA KUJERAR MINISTA A KANADA

Ranar 4 ga watan Nuwamba na shekarar 2015, a birnin Otawa, sabon faraministan Kanada Justin Trudeau ya gabatar da ministocinsa 30, rabi maza rabi mata. Cikinsu akwai wani mai gemu da rawani irin na mabiya addinin Sikh, wanda aka ɗanka wa ma'aikatar tsaron ƙasa. Sunansa Harjit Sajjan, laftanan-kanal, wanda sau huɗu ƙasarsa ta aika da shi aikin soja a waje. Janar-janar ɗin da jiya yake sara wa, daga wannan rana su ne za su riƙa kawo masa rahoto. Shekara shida ya yi bisa wannan kujera, kuma abin da ya same shi a kanta ya isa darasi ga duk mai riƙe da amanar jama'a.

Ɗan baƙi a Bankuba

An haifi Sajjan ranar 6 ga Satumba 1970 a ƙauyen Bombeli, cikin yankin Panjab na ƙasar Indiya. Mahaifinsa ɗan sanda ne a can, amma da ya yi ƙaura zuwa Kanada sai ya kama aiki a masana'antar tsaga katako. A 1976 iyalin suka tarar da shi a lardin Kolombiya ta Birtaniya, yaron yana da shekara biyar. Mahaifiyar ta yi ƙwadago a gonakin ƴaƴan itace, yara kuwa suna taya ta tsinka. A unguwannin kudancin birnin Bankuba ya tashi, inda baƙi ƴan ci-rani suke da yawa.

A 1989 ya shiga rundunar sojojin ko-ta-kwana, wato waɗanda ke riƙe da sana'arsu ta farar hula, suna zuwa horo lokaci-lokaci, a kira su in bukata ta taso. Ya fara daga ƙaramin soja, ya zama hafsa a 1991. Addininsa ya hana shi aske gemu, alhali takunkumin kare fuska daga hayaƙi mai guba ba ya zama daidai bisa gemu. Maimakon ya bar soja ko ya bar addini, sai ya ƙirƙiro wata dabara da ke sa takunkumin ya kama, har ya yi rajistar ta da sunansa. Ban da soja, ya yi shekara 11 cikin ƴan sandan Bankuba, inda ya ƙare a sashen binciken gungun ƴan daba da masu fataucin ƙwaya.

Kandahar

Bayan aiki a Bosniya, an tura shi Afganistan har sau uku: 2006, 2009 da 2010. Zuwan farko shi ne ya fito da sunansa. A Kandahar, ƙarƙashin Janar David Fraser, an ba shi aikin hulɗa da hukumomi da ƴan sandan yankin. Harshen Panjabi da ya sha a nono ya ba shi damar fahimtar juna da mutanen da ke jin Urdu ba tare da tafinta ba, aikin ɗan sanda kuma ya riga ya koya masa bin sawun kuɗi. Ta haka ya taimaka wajen gano alaƙar da ke tsakanin cinikin ƙwaya, cin hanci na wasu manya da ƙarfin Taliban. Bayanan da ya tattara sun yi amfani wajen shirya farmakin da aka yi wa suna Medusa, a gundumar Panjwayi cikin Satumba 2006, yaƙin da sojojin Kanada 12 suka rasa rayukansu a cikinsa. Janar Fraser ya yaba masa a rubuce. A 2011 ya zama mabiyin Sikh na farko da ya shugabanci wata rundunar ko-ta-kwana a Kanada.

Kalma ɗaya

A zaɓen 19 ga Oktoba 2015 ya ci kujerar ɗan majalisa ta Bankuba ta Kudu da tutar jam'iyyar Liberal, mako biyu bayan haka ya zama minista. Sai dai Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Cikin Afrilu 2017, a wani jawabi a birnin New Delhi, ya kira kansa mai zanen farmakin Medusa, wato da kalmar da ake kiran wanda ya zana gida kafin a gina shi. Tsofaffin abokan aikinsa suka ce ba haka aka yi ba: ya kawo gudummawa mai daraja, amma shirin yaƙin aikin Janar Fraser ne da hafsoshinsa. A ƙasar da ta binne sojoji 158 saboda yaƙin Afganistan, cin ladar wani ba ƙaramin laifi ba ne. Sajjan ya janye maganar, ya nemi gafara a bainar jama'a da kuma cikin majalisar dokoki. Ƴan adawa sun nemi ya sauka, Trudeau ya ƙi. Ya tsira da kujerarsa, amma tabon bai goge ba.

Wata biyu bayan haka ya gabatar da sabon tsarin tsaron ƙasa, wanda ya yi alkawarin ɗaga kasafin soja daga dalar Kanada miliyar 18,9 zuwa miliyar 32,7 cikin shekara goma.

Gawo

A zamaninsa ne sojojin Kanada suka zo maƙwabta. A 2016 gwamnatinsa ta yi alkawarin ba Majalisar Ɗinkin Duniya sojoji har 600 don kiyaye zaman lafiya. An yi ta jira sai cikin Maris 2018 aka sanar da Mali. Abin da ya iso Gawo, bakin kogin Isa, shi ne sojoji kimanin 250 da jirage masu saukar ungulu 8, aikinsu kwasar waɗanda suka ji rauni cikin rundunar MINUSMA, wadda sojojin Nijar ma suke cikinta. Shekara ɗaya suka yi, suka tattara a ƙarshen Agusta 2019, duk da roƙon Majalisar Ɗinkin Duniya na su dakata har masu canjinsu na ƙasar Rumaniya su iso. Cikin waɗannan shekaru kuma wani ƙaramin rukunin sojojin Kanada yana ba sojojin Nijar horo. MINUSMA kanta ta bar Mali a ƙarshen 2023.

Takardar da bai duba ba

Abin da ya fi girgiza shi ya zo a 2021. Cikin Fabrairu kafofin labarai suka fallasa zargin rashin ɗa'a ga mata ƴan ƙasa da shi a muƙami kan Janar Jonathan Vance, wanda ya shugabanci rundunonin Kanada daga 2015 zuwa Janairu 2021. Cikin Maris, Gary Walbourne, tsohon mai karɓar koke-koken sojoji, ya shaida wa kwamitin majalisa cewa tun Maris 2018 ya kai wa minista wani ƙorafi kan janar ɗin, amma ministan ya ƙi duba shaidar da ya zo da ita. Sajjan ya amsa cewa bai dace ɗan siyasa ya sa hannu cikin bincike ba, shi ya sa aka miƙa zancen ga ofishin da ke kula da manyan naɗe-naɗen gwamnati. A can maganar ta kwanta, Vance kuwa ya ci gaba da aikinsa kusan shekara uku.

Tambayar da ta tsaya wa ƴan Kanada a rai ita ce: in an kawo wa shugaba kuka ya tura shi wani ofishi, ya sauke nauyi ke nan, ko sai ya bi sawu ya ga inda ya kwana? Cikin Yuni 2021 majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'ar tsawata masa. Ranar 26 ga Oktoba aka ba Anita Anand ma'aikatar tsaro, shi kuma aka mai da shi ma'aikatar taimakon ƙasashe masu tasowa. Cikin Maris 2022 Vance ya amsa laifin yi wa shari'a ƙafar ungulu a gaban kotu.

Cikin Yuli 2023 Sajjan ya karɓi ma'aikatar shirin ko-ta-kwana kan bala'o'i, a shekarar da gobarar daji ta yi ɓarnar da Kanada ba ta taɓa gani ba. A farkon 2025 ya sanar da cewa ba zai sake tsayawa takara ba, ya kuma fita daga gwamnati cikin Maris, lokacin da Mark Carney ya gaji Trudeau.

Yaron da ya tsinki ƴaƴan itace da mahaifiyarsa ya kai inda ba a taɓa zato ba, kuma ba wanda ya musanta jaruntarsa a Kandahar. Amma abin da ya rage masa ƙima ba harsashi ba ne: kalma ɗaya ce da ya faɗa ta wuce gona da iri, da takarda ɗaya da ya ƙi buɗewa.