Bambanci Ko Arashi? Darasin Ƙididdiga Daga Bagega

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka lura cewa yara ƙanana na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan amai da jijjiga. Bincike ya tabbatar gubar dalma ce, wadda ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa a tsakar gidaje. Masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka sun ƙirga a Dareta da 'Yargalma, suka iske yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Garin Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, sa'an nan aka soma yi wa yaransa magani.

Annoba irin wannan ba ta bukatar dogon lissafi kafin a gane ta. Amma tambayoyin da ke biyo baya sun fi wuyar amsawa. Alal misali, wace hanya ta fi sa iyaye su kai 'ya'yansu gwajin jini: shelar sanƙira ko bi gida-gida? Kamfanonin ciniki a intanet suna fuskantar irin wannan tambaya kullum, inda suke raba baƙi gida biyu, su nuna wa kowane rukuni talla daban, su ƙirga waɗanda suka saya. Lissafin iri ɗaya ne, sai dai a nan rai ake magana, ba riba ba.

Bari mu ƙaddara misali, ba alƙaluman wani bincike ba. An yi wa gidaje 100 shela, 60 suka zo; an ziyarci wasu 100, 70 suka zo. Bambancin kashi 10 ne cikin ɗari. Shin ziyara ta fi shela ke nan?

Kada mai karatu ya yi gaggawa. A cakuɗa farin wake da ja a buhu ɗaya, a ɗebo ƙwaya ɗari sau biyu. Da wuya yawan jan ya zo daidai a ɗiban biyu, alhali buhun bai sauya ba. Wannan shi ne arashi, kuma aikin ilimin ƙididdiga shi ne auna girman bambancin da arashi kaɗai zai iya haifarwa.

Ga yadda ake yi. Da farko sai mu ɗauka hanyoyin biyu ba su da wani bambanci, mu haɗa su: gidaje 130 cikin 200 suka zo, wato 0.65, waɗanda ba su zo ba kuma 0.35. A ninka 0.65 da 0.35, a sami 0.2275. A ninka wannan da jimillar 1/100 da 1/100, wato 0.02, a sami 0.00455. Sai a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi, ita ce 0.0675. Wannan shi ne ma'aunin kai-kawon arashi. Daga ƙarshe a raba bambancin da aka gani, 0.10, da wannan ma'auni: amsa 1.48.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, sai amsar ta wuce 1.96 ake cewa bambancin yana da nauyi a ƙididdiga, domin in da babu bambanci na haƙiƙa, sau 5 kacal cikin ɗari arashi zai kai can. Tamu ba ta kai ba. Arashi na iya haifar da irinta kimanin sau 14 cikin ɗari. To, amma a ce gidaje 400 ne a kowane ɓangare, 240 da 280 suka zo. Kason bai canza ba, sai dai ma'aunin arashi ya ragu zuwa 0.0337, amsa ta koma 2.97, abin da arashi ba ya kawowa sai kamar sau 3 cikin dubu. Ashe yawan waɗanda aka gwada shi ke ba hujja ƙarfi.

Wannan dabara ta samo asali daga aikin Karl Pearson a 1900, kuma Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya yaɗa ƙa'idar kashi 5 a littafinsa na 1925. Da hanyoyi na wannan dangi masu binciken Dareta da 'Yargalma suka nuna cewa aikin dutsen zinariya da uwa ke yi, da yawan dalma a ƙasar gida, suna da alaƙa da mutuwar yaro.

Akwai sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ƙuri'a ce za ta raba gidajen. In aka ware na kusa da asibiti don ziyara, kusanci aka auna, ba ziyara ba. Na biyu, a yanke yawan gidaje tun farko, kada a riƙa leƙen sakamako a tsaya ranar da ya yi daɗi. Na uku, rashin kaiwa 1.96 ba ya nufin hanyoyin daidai suke, yana nufin hujja ba ta isa ba tukuna. Haka kuma ba a hana yaro maganin da aka riga aka san yana aiki don neman rukunin kwatance.

Malamai na iya gwada wannan a aji da mudun wake launi biyu. Kowane ɗalibi ya ɗebo ƙwaya 50 sau biyu, a rubuta bambancin a allo, sa'an nan a maimaita da 200. Ɗalibin da ya ga yadda bambancin kason ke raguwa da idonsa ba zai ƙara yarda da alƙalami ba sai ya tambaya: mutum nawa aka ƙirga, kuma ta yaya aka raba su?