Sabuwar Laftof Ɗin Gem Tana Jinkirin Tashi: Abin Dubawa Kafin A Mayar Da Ita Shago

Wani matashi a Kusada ya fi shekara yana tara ribar cajin waya, har ya sayo laftof ɗin buga gem a Kano. Da magariba ya sauka a Gidan Mutum Ɗaya, ya hau babur zuwa gida. Abokai suka taru, ya latsa makunni. Sai da aka yi kusan minti uku kafin fuskar Windows 11 ta fito, ita ma linzami na ta tsayawa. Mai shago kuwa kwana bakwai kacal ya ba shi na mayarwa idan an ga matsala.

Kafin a sake kashe kuɗin mota, ya kamata a gano a wane mataki jinkirin yake, domin yawancinsa a gida ake maganinsa.

Matakin farko shi ne auna lokaci. A latsa Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A sashen Startup apps akwai wurin da aka rubuta Last BIOS time, wato daƙiƙun da kwamfuta ta ɗauka tana duba kayan cikinta kafin ta miƙa wa Windows ragama. Idan lambar ta yi yawa, a cire filas, waya da duk abin da aka jona a ramin USB, a sake gwadawa.

Idan lambar ƙarama ce, to matsalar tana cikin Windows. A wannan sashen dai za a ga jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. Steam, Discord, OneDrive da manhajar kariya ta gwaji da kamfanoni kan saka duk suna rububin masarrafa a lokaci guda. Waɗanda aka yi wa alamar High su suka fi nauyi. Kashe su a nan bai goge su ba, za a iya buɗe su duk sanda ake so.

Na uku shi ne sabuntawa. Laftof kan yi watanni a kwali, don haka da zarar ta ga intanet sai ta fara sauke gyare-gyaren Windows da na katin hoto. A garin da ake dogaro da datar waya, ga wutar KEDCO mai zuwa da tafiya, aikin kan katse a tsakiya, kwamfutar ta riƙa ci gaba da shi a kowane kunnawa. A sami wurin da sabis ke da ƙarfi, a jona caja, a bar Windows Update ya kammala. Sannan a zaɓi Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 na 2012, tsarin Fast Startup kan adana wani ɓangare na babbar manhaja idan an kashe, Restart ne ke tayar da komai daga tushe.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba na gyaran gida ba ne. A sashen Performance za a ga ko ma'adanar SSD ce ko HDD. Idan an biya kuɗin SSD amma Windows na kan HDD mai juyawa, kashe manhajoji ba zai kai ko'ina ba. Sannan a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. Tazara mai yawa tsakaninsu alama ce ta cewa wani ya riga ya mori na'urar. Wannan kam sai a koma shago da rasit kafin wa'adi ya cika.

Shi matashin ya tarar da SSD ce, batirin ma lafiya lau. Manhajoji tara ne ke tashi tare, ga sabuntawa da ta maƙale. Ya kwana ɗaya a wurin ɗan'uwansa a Kankia inda sabis ya fi kama shi, ya kammala saukewa. Washegari laftof ɗin ta tashi cikin daƙiƙa ashirin, kuɗin motar Kano kuma ya koma na data.