Lambobin da ke bayan sunan manhaja: me ya sa sabuntawa ke kashe tsohuwar waya?

Daga ranar 24 ga watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ɗauke da Android ƙasa da 5.0. A Gouna da sauran garuruwan Mirriya, inda da yawa ke sayen wayar hannu ta biyu daga kasuwannin Damagaram, irin wannan sanarwa na iya raba manomi ko ɗan kasuwa da abokan cinikinsa, alhali wayar tana kunnuwa lafiya lau. Asalin matsalar yana cikin lambobin da ake rubutawa bayan sunan manhaja.

Babu mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. Kamar yadda magini ke sayen tubali da ƙofa da taga a wurin wasu, haka masu manhaja ke ɗauko ƙananan shirye-shiryen da wasu suka riga suka rubuta, waɗanda ake kira laburare. Wani laburaren yana tura hoto, wani yana ɓoye saƙo, wani yana lissafin kuɗi. Idan mai laburare ya sake girman tagar, ginin da aka yi a kan tsohon ma'auni ba zai karɓe ta ba.

Domin kauce wa haka ne Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta wata ƙa'ida mai suna SemVer, wadda fitowarta ta 2.0.0 ta zo a 2013. Ƙa'idar ta ce lambar kowace fitowa gida uku ce, misali 2.4.1. Idan gidan ƙarshe ya canza, daga 2.4.1 zuwa 2.4.2, an toshe wani kuskure ne kawai. Idan na tsakiya ne, daga 2.4 zuwa 2.5, an ƙara sabon abu amma tsohon yana nan yana aiki. Idan kuwa gidan farko ya tashi daga 2 zuwa 3, gargaɗi ne: an yi canjin da zai iya karya duk abin da aka gina a kan tsohon. Laburaren da har yanzu lambarsa ke farawa da 0 bai yi wa kowa alkawari ba, komai nasa na iya sauyawa a kowane lokaci.

Masu 'yan'uwa a ƙasashen gabar teku sun san irin wannan canji. A ranar 31 ga Janairun 2021 Côte d'Ivoire ta mayar da lambobin waya daga 8 zuwa 10, Benin ma ta yi haka a ƙarshen Nuwamban 2024. Mutanen suna nan, layukansu suna nan, amma sai an gyara lambar da ke ajiye a waya kafin kira ya shiga.

A duniyar manhaja, babban misali shi ne harshen Python. An fitar da Python 3.0 a Disamban 2008 da canje-canjen da suka hana shirye-shirye da yawa na Python 2 aiki. Gyaran ya yi tsada, har sai ranar 1 ga Janairun 2020 aka rufe tsohon, bayan shekara 11. Wannan ya nuna cewa mai laburare yana canza layi kaɗan, amma dubban masu amfani da shi ne ke biyan kuɗin gyara.

To me ya sa ba a bar tsohon yadda yake ba? Saboda kula da tsoho da sabo a lokaci guda aiki biyu ne, kuma tsohon tsari yakan rasa gyaran tsaro. Google ya daina sabunta Play Services a kan Android 4.4 a 2023. Idan tubalan da manhaja ta dogara da su suka bar tsohuwar waya, mai manhajar ma dole ya bi su ko ba jima ko ba daɗe.

Sai dai ƙa'idar alkawari ce, ba doka ba. Wasu kamfanoni ba sa bin ta: lambar Chrome ta wuce 100 tun 2022 domin tana ƙaruwa ne bisa kalanda, Ubuntu 24.04 kuma yana nufin watan Afrilun 2024. Shi ya sa matasan da ke koyon rubuta manhaja, a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko a gida, ya kamata su ƙulle lambar laburaren da suke aiki da shi, su karanta bayanin canje-canje, su gwada kafin su sabunta.

Mai sayen waya kuwa, kafin ya ƙirga kuɗi, ya buɗe saituna ya duba sashen bayanin waya, ya ga lambar Android. Wadda ke ɗauke da 5 tsarin 2014 ne a cikinta, kuma manhajoji da yawa sun riga sun fara barin ta.