Mutumin Ingila da ciwon sanyinsa ya ƙi jin magani

A watan Maris na 2018 hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da labarin wani mutum da ta ɓoye sunansa. Ya yi tafiya Kudu maso Gabashin Asiya, ya sadu da wata mata a can, bayan kamar wata guda ciwon sanyi na gonoriya ya bayyana a jikinsa.

Da aka auna ƙwayar cutar, hankalin likitoci ya tashi. Ba ta jin azithromycin, ba ta jin allurar ceftriaxone, alhali su biyun nan ne duniya ta dogara da su a lokacin. Ba a taɓa samun mai taurin kai irin wannan ba. Aka ƙara masa spectinomycin, fitsarinsa ya fito tas, amma da aka shafo maƙogwaronsa aka duba, tana nan daram. Sai da aka kwana 3 ana ɗura masa ertapenem ta jijiya, maganin da ake ajiyewa don cututtuka masu tsanani, sannan ya rabu da ita.

Labarin nan yakan faɗo mini a rai idan na ga magidanci daga Cheberu ko wajen Kalgo ya dawo daga Birnin Kebbi da takardar gwajin maniyyi a ninke cikin aljihu. Shekaru ba haihuwa, an gaji da ɗora wa matar laifi, ga takarda ta ce Staphylococcus aureus. Sai ya zarce kemis, a ƙirga masa kafso na kwana biyu a ƙulle a leda. Da irin wannan shan ne ƙwayoyin cuta ke koyon jure magani.

Ita Staphylococcus aureus tana zaune a hanci da fatar mutane da yawa masu lafiya, sau tari daga hannu take faɗawa cikin kwalbar gwaji. Masu toshe hanyar maniyyi a ɓoye su ne gonoriya da kilamidiya, kuma kowace da nata gwajin.

Ɗan'uwa, idan za a sake gwajin, ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka wanke hannu da gaba, ka miƙa kwalbar cikin awa guda. Ka kai wa likita sakamakon ya zaɓi maganin da ƙwayar ke ji, ka shanye shi duka. Idan cutar mai yaɗuwa ce, ka tafi da maiɗakinka a yi muku tare.