"Passed out": kalmomi biyu da ke tsinka zuciyar uwa

Wajen ƙarfe tara na safe saƙo ya shigo wayar wata maƙwabciyata daga malamar ajin 'yarta: "Your daughter passed out during assembly. Please come." Ba ta kai ƙarshen saƙon ba ta ɗora hannu a ka tana salati, don a zatonta rasuwa ake sanar da ita. Da ta isa makarantar, sai ta tarar da yarinyar a zaune tana shan ruwa. Ashe suma ta yi a layin taron safe, har ta farfaɗo.

Uwargida, yanzu da makarantu da asibitoci ke turo saƙo da Turanci ta WhatsApp, ya kamata ki san wannan furuci. A Turanci akan haɗa aikatau da wata 'yar ƙaramar kalma, ma'ana ta sauya gaba ɗaya. "Pass" ita kaɗai tana nufin wucewa, ko miƙa abu, ko cin jarrabawa. Da an liƙa mata "out", an shiga wata magana.

Ma'ana ta farko: suma

Ita ce aka fi amfani da ita. "She passed out" na nufin ta sume. Wanda ke nufin rasuwa shi ne "passed away", wani lokaci kuma "passed on". Ki riƙe wannan: "out" suma ce, "away" rasuwa ce.

Suma na faruwa ne idan jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci. A yara 'yan makaranta, doguwar tsayuwa a rana, fita ba karin kumallo da ƙarancin shan ruwa na cikin abubuwan da ke jawo ta. Idan yaro ya sume a gabanki, ki kwantar da shi rigingine, ki ɗaga ƙafafunsa, ki sassauta masa kaya, a ba shi iska. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci sai ya dawo hayyacinsa sosai, don zai iya shaƙewa. In ya wuce minti ɗaya bai farfaɗo ba, ko yana jijjiga, ko ya bugu a ka, a garzaya asibiti. Ko da ya farfaɗo, idan sumar tana maimaituwa a kai shi likita ya duba.

A hirar yau da kullum kuma akan ce "I passed out on the sofa", wato gajiya ta sa barci ya kwashe ni a kan kujera. Nan ba ciwo ba ne.

Ma'ana ta biyu: kammala horo

Wannan ta farin ciki ce. Idan ɗanki mai yi wa ƙasa hidima ya rubuto "We are passing out on Thursday", yana nufin ranar Alhamis za a yaye su. Daga Turancin sojan Ingila muka gaji wannan. Shi ya sa ake kiran faretin yaye dalibai "passing out parade" a makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, da ta 'yan sanda da ke Wudil. Matasan NYSC, shirin da aka kafa a 1973, sukan taƙaita shi su ce POP.

Ma'ana ta uku: rarrabawa

"The teacher passed out the books" na nufin malami ya rarraba littattafai. An fi jin wannan a bakin Amurkawa, 'yan Ingila sun fi cewa "hand out" ko "give out".

Yaya za ki bambance?

Dubi abin da ya biyo baya. In an ambaci kaya, kamar littattafai ko takardu, rabo ne. In ana zancen soja, 'yan sanda ko hidimar ƙasa, yayewa ce. In mutum kawai aka ambata da wuri ko lokaci, suma ce. Sannan ki sani, ba a cewa "passed out" don cin jarrabawa. "She passed her exams" ake cewa.

Idan saƙo ya rikita ki, kira wanda ya turo ki tambaya kafin hankalinki ya tashi. Malamai kuma, don Allah in za ku sanar da uwa irin wannan, ku fara da cewa yaron ya farfaɗo yana lafiya.

Wane furucin Turanci ne ya taɓa ruɗa ki a saƙon makaranta ko na asibiti? Rubuto mana a ƙasa, 'yan'uwa su ƙaru.