Hatsi a Bakin Sunan Yaro: Matasanmu da Labaran Duniyar da Ta Lalace

A ƙasar Panem, wadda marubuciyar Amurka Suzanne Collins ta ƙirƙira a littafinta The Hunger Games na 2008, kowace shekara ana jefa ƙuri'a a gundumomi 12. Daga kowace gunduma a ɗauki namiji ɗaya da mace ɗaya, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su a fili su yi ta kashe juna ana haskawa a talabijin, har sai saura mutum ɗaya. Amma akwai wata doka a ƙarƙashin wannan da ta fi zubar da jinin tsaya mini a rai. Yaron da gidansu babu abinci yana iya karɓar ɗan hatsi da mai na shekara, da sharaɗin a ƙara jefa sunansa cikin ƙuri'ar sau ɗaya a kan kowane bakin da ya karɓar wa. Shi ya sa jarumar littafin, Katniss, tana da shekara 16 sunanta ya shiga sau 20, na abokinta Gale sau 42, alhali sa'arta 'yar masu hali sau 5 kacal. A baki ƙuri'a ce ta kowa da kowa. A aikace talauci ne ke zaɓen wanda zai mutu.

Irin waɗannan labarai na duniyar gobe da ta lalace, inda mulki ya zama zalunci tsantsa, sun daɗe. George Orwell ya fitar da nasa a 1949. Sabon abu shi ne yadda aka mayar da su na matasa, aka riƙa jero su littafi uku uku: The Maze Runner na James Dashner a 2009, Divergent na Veronica Roth a 2011, da wasu da dama da suka bi sahu bayan fim ɗin Katniss ya yi kasuwa a 2012.

A ƙauye irin Unguwar Hajji, a yankin Ƙaraye da Rogo, ba kantin littattafai ne ke kawo su ba. Waya ce. Wani ɗalibi ya dawo hutu daga Kano ko Zariya da su a cikin wayarsa, ko mai shagon caji ya tura wa yaro fim ɗin, daga nan sai ya bi hannu. Kuma idanun da ke karanta su a nan daban suke da na yaron Amurka. Shi yana karanta abin da ake tsoron ya faru ne wata rana. Yarinyar da ta taso cikin gonakin masara da dawa da rake, idan ta iso wurin da wata ƙaramar yarinya, Rue, ke bayanin gundumarsu ta 11, inda su ne manoman ƙasar amma ana yi wa mutum bulala a bainar jama'a in ya ci abin da ya noma, ba ta buƙatar sharhi. Ta ji labarin ƙauyukan Zamfara da Katsina inda sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a girbe gona. Ta san a Disambar 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, ta san na Jangebe, 'yan mata 279 a Fabrairun 2021. Ɗaukar 'ya'yan mutane domin a durƙusar da iyayensu ba almara ba ce a wurinta. Wannan kusanci ne ke sa littafin ya kama mai karatu a nan kamun da marubuciyarsa ba ta yi tsammani ba.

Sai dai akwai inda labaran suke sakin hannunmu. Ana tsakiyar yaƙi, mutane na mutuwa, sai a ɓata shafuka a kan wane saurayi jarumar za ta zaɓa cikin biyu. Mai karatun da ya saba da littattafan soyayya na kasuwar Kano ba baƙon wannan ba ne, amma a nan yana rage wa labarin nauyi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne kaɗaicin jaruman. A Panem babu addu'a, babu wurin ibada, babu dangi masu faɗi. Uban Katniss ya mutu a ramin haƙar kwal, uwarta baƙin ciki ya kwantar da ita, yarinya ita kaɗai ke riƙe da gida. Mu kuwa mun san cewa ranar da masifa ta sauka, abin da ke riƙe mutane shi ne maƙwabcin da ya auno tiya biyu ya aiko, da gudummawar da ake haɗawa bayan sallar asuba, da kakar da ta tattara marayu ɗakinta. Labarin zaluncin da ya manta da waɗannan ya faɗi rabin gaskiya ne.

Da yawa daga cikin jerin ma ƙarfinsu a littafin farko yake ƙarewa. Divergent ya raba al'umma gida biyar bisa hali, tsarin da ba ya jure tambaya biyu, kuma ko fina-finansa ba a kammala ba bayan na 2016 ya gaza. Collins ce ta yi ta maza a Mockingjay na 2010, inda ta kammala labarin Katniss. 'Yan tawaye sun yi nasara, amma shugabarsu Coin ta kawo shawarar a sake wasan kisan, wannan karon da 'ya'yan waɗanda aka kayar. Ƙanwar Katniss, wadda dominta ta shiga filin tun farko, ta mutu a harin da ake zargin ɓangarensu ne ya kai. Sai Katniss ta juya kibiyarta ta harbe sabuwar shugabar. Duk wanda ya karanta Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa wani littafin Orwell a 1975, zai gane wannan ɗacin, haka ma duk wanda ya taɓa yin murnar juyin mulki ya wayi gari cikin nadama.

Na san iyaye na ɗari-ɗari, kuma Kano ta taɓa ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a 2007, zamanin shirin A Daidaita Sahu. Ni ban ga hikimar hana yaro littafin da ke koya masa tambayar wa ke cin ribar yunwarsa ba. Gara a zauna da shi a tattauna. Cewa labarin Katniss na da tasiri, babu musu: masu zanga-zanga a Thailand a 2014 da Myanmar a 2021 sun ari gaisuwar yatsu uku ta cikinsa suka ɗaga wa sojoji.

Abin da ya rage shi ne namu. Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Bature Gagare ya nuna ta'asar bindiga a Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, tun kafin ta zama labaran kullum. Nnedi Okorafor ta ajiye The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070, amma da Turanci. Marubutan da ke tara dubban masu karatu a WhatsApp da Wattpad suna da kayan aiki a ƙofar gida: hamada na matsowa, rikicin gona da kiwo, tsadar taki. Wanda duk zai fara, ina roƙon ya ɗauko jarumarsa daga gidan manomin rake a gefen madatsar ruwan Challawa, kuma ya bar mata uwarta da kakarta da ransu.